Dutsen da Aka Ƙona da Damina

Wata Alhamis bayan la'asar Rachidi ya kama hanyar Guéné a kan babur mai ƙafa uku na Khamis, mijin ƙanwarsa. A akwatin baya akwai tsofaffin tayoyi huɗu, bido biyu, wato jarkoki, cike da ruwa, kwalbar isansi, wato fetur, da gudumar mahaifinsa wadda ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu. Dutse zai je nema. In ka ji shi a baki, ba wani aiki ba ne.

Sati uku ke nan da dawowarsa Malanville. Shekara tara ya yi a waje, daga Kwatano zuwa Agadas, daga Agadas zuwa Tamanrasset, inda ya yi ta kwaɓa siminti da ɗaga bulo har ƙugunsa ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ya dawo da jaka ɗaya da waya mai tsagaggen gilashi. Ya tarar mahaifinsa Sa'adu, mai sassaƙa dutsen niƙa, ya shekara biyu a ƙasa. Ya tarar gadar kan iyaka a rufe, 'yan dako suna barcin rana a rumfunan gefen duwan, ofishin kwastan. Mahaifiyarsa Azumi kuwa ta ƙanƙance, gwiwoyinta sun kumbura, tana zaune ita kaɗai a ɗakinta na ƙasa da ke gangaren unguwa. Tun kwana na uku ya fara tambayar ranar da motar arewa ke tashi. Ba don akwai mai jiransa a can ba. Zaman ne ba ya iyawa.

Sai gulbi ya taso.

Jan ruwan nan na watan takwas ya cinye gonakin shinkafa, ya biyo kwari, ya zo ya kwanta a bayan unguwa yana lasar katangu. Gindin bangon Azumi ya jiƙe har mutum yana iya tura yatsa ya shige. Maƙwabta suka ɗaure kaya suka koma lakkol, makarantar boko, inda ake tara waɗanda ruwa ya kora. Azumi ta ce bara kwana arba'in ta yi a aji ɗaya da mutum talatin, a kan benci, ga gwiwa ga tarin yara, ita kam ba ta ƙarawa. In bango zai faɗi, ya same ta a kan gadonta. Ba da faɗa ta faɗi haka ba. Da muryar mai cewa a miƙo mata buta ta faɗa.

Magini ya zo ya duba, ya ce in aka sami manyan duwatsu aka jera a gindin bangon ta waje kafin Asabar, zai tsaya. In ba haka ba, a fitar da tsohuwa ko tana so ko ba ta so. Rachidi ya zaga gari, ya tarar duk mai tulin dutse an riga an kwashe nasa. Shi ya sa ya aro babur.

Kafin a kai Guéné akwai wani ɗan ƙauye a hannun dama, nan Hambali yake, abokin aikin mahaifinsa na shekara talatin. Rachidi ya same shi a gindin darbejiya yana gyara ƙotar fartanya, idonsa ɗaya fari fat, wanda tsinin dutse ya taɓa tun suna samari. Tsohon ya ɗaga ido mai ganin, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan Sa'adu. Ashe ka tuna hanya. An ce muna ka zama injiniya ƙasar Larabawa." Ya kama hannunsa ya juya tafin. "Wanga injiniya kantar jaki gare shi."

Rachidi ya yi dariyar dole, ya yi masa ta'aziyyar da ya kamata a ce shi aka yi wa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Hambali ya ajiye fartanyar. Ya tashi ya leƙa akwatin babur, ya ga tayoyi, ya ga kwalba. Ya daɗe yana kallonsu.

Da ya dawo sai ya jawo wani ɓarin jan dutse daga ƙarƙashin bencinsa, ya tsiyaya masa ruwa daga buta. Ruwan bai gangara ba. Ya yi duhu a kan dutsen, ya shige, kamar an zuba a busasshiyar ƙasa. Ya ce wa Rachidi ya murza yatsa. Rairayi ya biyo yatsan. Hambali ya ce dutsen ƙasar nan tun asali rairayi ne da ya kwanta a ƙarƙashin wani ruwa da babu mai tuna shi, shimfiɗa kan shimfiɗa kamar an jera tabarmi, har nauyi ya haɗe shi. Shi ya sa in ka san bakin shimfiɗar yake buɗe maka falle-falle, shi ya sa yake da haƙorin cin dawa da wasa wuƙa, shi ya sa kuma har gobe yake shan ruwa kamar soso. Rachidi ya ce wani mai duba ƙasa ya taɓa faɗa musu irin wannan a wurin gini a Tamanrasset. Hambali ya ce to madalla, Balarabe ya yarda da shi.

Yadda ake fasa babba kuwa, Rachidi ya sani tun yana yaro: a tara itace a kansa da asuba, a hura wuta, in rana ta take a watsa masa ruwan sanyi, ya tsage. Amma da rani ake yi. Sa'adu bai taɓa kai wuta kan dutse ba daga saukar ruwan farko har a gama girbi. Hambali ya ce dalili biyu ne. Na farko, jiƙaƙƙen dutse ba ya tsagewa, fashewa yake yi. Ya nuna nasa farin idon da yatsa. Na biyun ya faɗe shi yana kallon ƙotar da ke hannunsa. Ya ce akwai masu zama a ƙarƙashin gulbi, kuma su ma jan ruwa ba ya barinsu. In ya taso da laka da itatuwa, gidajensu ke cika. Sai su hauro tudu su shiga waɗannan duwatsun, tunda rairayin gidansu ne, su zauna har ruwa ya janye.

"Baba Hambali, su ma suna da lakkol ke nan," in ji Rachidi.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce yana da duwatsun niƙa uku da bai gama sassaƙawa ba, ya ɗauka. Rachidi ya ce uku ba su tare ko bakin ƙofa. Hambali ya ce to ya je ya tsinci waɗanda suka ɓalle da kansu, kada ya kunna komai. Ya buga kowanne da guduma kafin ya taɓa. In ya yi ƙara kamar faranti, babu kowa. In ya yi dum, kamar ka bugi bayan mutum, ya yi sallama ya wuce.

Rachidi ya ce to. Irin to ɗin da yake ce wa masu gini in rana ta yi zafi.

Ya sauka daga gudro, titin kwalta, ya kama hanyar ƙasa, tsakanin gonakin dawa da suka fi kansa tsawo. Ya tsallake wata ƙorama wadda ruwanta bai kai idon sawu ba. Ya hau tudu. Duwatsun suna nan yadda ya bar su yana ɗan shekara goma sha biyar, jajaye, wasu kamar rumbu, wasu kamar shanu a kwance. Amma ƙananan duk an tsince. Sawun amalanke ko'ina. Ya zaga ya zaga, abin da ya samu bai cika kwando ba.

Wani babba yana can gindin wata ɗorawa. Tsawonsa ya kai ƙirji, bayansa a shimfiɗe. A gefensa akwai dogayen gurabu masu santsi inda mutanen da suka shuɗe suke wasa gatura, a samansa kuma ramuka uku na niƙa, cike da ruwan sama. Shimfiɗunsa a fili suke, layi-layi, kamar suna roƙon a buɗe su. Wannan kaɗai ya isa bangon har da saura.

Ya ɗaga guduma ya buga.

Dum.

Ya koma wancan gefen ya buga. Dum. Ya je ya gwada na kusa da shi, da na bayansa, da wani ƙarami can nesa. Duk ɗaya. Ya ce a ransa ruwa suka sha, me ake so jiƙaƙƙen dutse ya ce.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Khamis ne. Ya ce ruwa ya shigo tsakar gida, ya kai gindin murhu, Inna ta ɗora ƙafafunta a kan gado ta ce a ƙyale ta. Ya ce in dutsen bai zo yau ba, gobe babu inda za a jera shi.

Rachidi ya mai da wayar. Ya tsaya jim, hannunsa a ƙugu. Gajiyar da yake ji ba ta yau ba ce. Ya yi sallama a gajarce, yadda ake yi wa ɗakin da aka san babu kowa, bai jira amsa ba. Ya ɗora tayoyin a bayan dutsen, ya tsiyaya isansi, ya ƙyasta ashana. Itace yana ɗaukar rabin yini. Taya, ya gani a hamada, sa'a ɗaya ta ishe ta.

Baƙin hayaƙi ya miƙe. Ya ja baya ya zauna a kan akwatin babur, ya rufe hanci da wuyan riga.

Rana ta fara ja. Ruwan ramukan niƙa ya tafasa, ya ƙafe. Dutsen ya fara tsuwa, siririya, daga ciki. Wannan bai dame shi ba, ya san ruwa ne ke neman hanya.

Warin ne ya fara damunsa. A ƙarƙashin warin roba akwai wani. Laka. Kifi mai ƙarni. Jiƙaƙƙen zane da ya kwana a ɗaure. Warin bakin gulbi ne sak, alhali gulbi yana can bayansa, tafiyar rabin yini a ƙafa.

Kwaɗin fadama suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da tafi.

Daga wani ƙauye can ƙasa ladan ya ɗaga murya. Iska ta kawo rabi, ta bar rabi.

Sai aka yi tari.

Rachidi ya waiwaya gonar dawa. Babu kowa. Ganye ma ba ya motsi. Aka sake yi, busasshen tari na tsoho, irin wanda ake dannewa don kada a dami mutane. Ba daga gona ba.

Daga cikin dutsen.

Bayan tarin, wani ƙaramin sauti. Jariri ne ya fara kuka, aka yi maza aka toshe.

Ya miƙe. Abin da ya zo masa shi ne ya kashe wutar. Bai yi tunani ba. Tun yana yaro yake ganin abin da ruwan sanyi ke yi wa dutse mai zafi, amma bai yi tunani ba. Ya sungumi bido ya ruga ya juye.

Ƙarar ta jefar da shi ƙasa.

Wani abu ya yanki goshinsa. Kunnuwansa suka toshe. Ya ɗaga kai, jini yana shiga idonsa, ya ga dutsen ya rabu daga sama har ƙasa, falle-falle sun zube a gefe, farin tururi yana fita daga tsagar kamar an buɗe tukunya.

A cikin tururin akwai mutane.

Ta tsagar suke fitowa, a kaikaice, ɗaya bayan ɗaya. Tsagar da tafin hannu ba zai shiga ba. Dogaye ne, sirara, launin rairayi. Kowa da ƙunshi a ka. Tabarma, tukunya, ƙwarya, wata da goyo. Ruwa yana ɗiga daga tufafinsu, yana taɓa dutse yana cewa tsss.

Ba su gudu. Ba su kuka. Ba su dube shi ba.

Ya san wannan tafiyar. Jiya ya gan ta a unguwarsu, a kan hanyar lakkol.

Suka taru a gindin ɗorawa suka sauke kaya. Ya yi ƙoƙarin ƙirga su, lissafin ya ƙi tsayawa. Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya, ya koma farko, ya sake kaiwa tsakiya.

Ta ƙarshe tsohuwa ce. Ta daɗe kafin ta gama fitowa. Ta riƙe hannunta na hagu da na dama, fatar ta saluɓe daga gwiwar hannu zuwa yatsu, baƙar roba a manne. Ta tako har inda yake. Sawunta ba ya fita a ƙasa, sai dai jiƙa.

Ta tsuguna da ƙyar, yadda innarsa ke tsugunawa.

Muryarta kamar ana jan ƙwarya a kan yashi.

"Ruwa ya koro mu daga ƙasa. Munka hau nan, ka sa muna wuta." Ta numfasa. "Ina anka ce mu tahi?"

Ya goge jinin da ke idonsa, ya dube ta.

Ba fushi a fuskarta. Da ma fushin ne. Idanunta irin na wanda ya kwana uku a tsaye.

"Mi za ka yi da dutsen?"

"Bango," ya ce. Da ƙyar ya ji kansa. "Bangon innata. Zai faɗi."

"Ɗaki nawa gare ta?"

"Guda."

Ta juya ta dubi na gindin ɗorawa, leɓɓanta suna motsi. Ta juyo.

"Ya isa. Ba mu da kaya da yawa. Loda."

Ya loda. Ba shi ya ce wa hannuwansa su yi ba. Duwatsun da zafinsu, fatar tafinsa tana mannewa tana ɓallewa, yana jin ƙaurin kansa. Falle takwas. Da ya ɗora na ƙarshe ya dubi gindin ɗorawa.

Babu kowa. Babu ƙunshi ko ɗaya.

Babur ya tashi bugu ɗaya. Amma da ya ja, sai ya ji akwatin ya zauna har taya tana gugar ƙarfe. Ya ɗauki bulo a irin wannan babur, ya san nauyin falle takwas. Wannan ya ninka.

Bai duba madubi ba. Ya sa hannu ya karkatar da shi ƙasa.

Dawa ta rufe hanya hagu da dama. Sauran hasken magariba ya zama toka. A bayansa akwai motsi, ƙanana, irin na mutanen da suka matsu a mota. Ana gyara zama. Tukunya ta taɓa tukunya. Wani numfashi mai sanyi yana sauka a ƙeyarsa, yana ɗaukewa, yana sauka.

Ya tuna gadon innarsa. Ya tuna faɗin ɗakin, taku huɗu da taku biyar.

Ya ce a ransa ba zai kai su ba.

Ƙoramar da ya tsallake ɗazu ta canza. An yi ruwa a wani wuri can sama, ta cika ta yi ja, tana gudu da karare. Ya shiga da gangan har tsakiya, ya taka birki. Ruwa ya kai masa ƙwauri. Ya diro, ya lallaɓa gefen akwatin, ya kama ƙarfen da ake zarewa a juye kaya. Ruwa suke so, ga ruwa.

Aka riƙe wuyan hannunsa.

Hannu mai sanyi, mai kaushi, kamar an naɗe shi da jiƙaƙƙen rairayi.

"Ba nan ba," aka ce a kunnensa. "Wanga ruwa wucewa shikai."

Ya fizge. Ƙafarsa ta zame. Ƙorama ta ɗauke shi ta cusa ƙarƙashin akwatin, tsakanin taya da taya.

Duhu. Laka a baki. Laka a hanci.

Ya tura sama, ƙarfe. Ya tura gefe, taya.

Akwatin yana saukowa. A hankali. Kamar ana ƙara hawa.

Ƙarfen ya taɓa ƙirjinsa.

Ya danna.

Wani abu ya ce ƙas a haƙarƙarinsa.

A cikin ruwan, kusa da fuskarsa, muryar ta zo, ba gaggawa.

"Mun gaji, ɗan nan. Kai mu, ko mu zauna nan bisanka."

Ba shi da iskar magana. Ya gyaɗa kai a cikin laka.

Nauyin ya ɗaga.

Ya fito yana aman jan ruwa, ya rungumi taya har numfashi ya dawo. Da ya hau babur, injin bai ma mutu ba. Bai murɗa ba, babur ya motsa da kansa, ana tura shi daga baya, har ya hau gaɓa. Bai waiwaya ya ga masu turin ba.

Da ya hau gudro, wata kamyo, babbar motar kaya, ta wuce shi da fitilu, yaron mota yana waƙa a saman kaya. Rachidi ya bi jan fitilar bayanta har Malanville, yana kuka ba sauti, kowane numfashi kamar ana soka masa wuƙa.

Ana kiran isha'i ya iso. Khamis da magini suna tsaye a ƙofar gida da fitila, ruwa har idon sawu. Suka ga goshinsa, suka ga hannuwansa, Khamis ya fara tambaya. Rachidi ya ce kada kowa ya taɓa kayan tukuna. Ya shiga ɗaki.

Azumi tana kan gado, ƙafafu a naɗe, carbi a hannu, takalmanta suna yawo a kan ruwa. Ya durƙusa a cikin ruwan ya faɗa mata duka, tun daga gargaɗin Hambali har ƙorama. Bai rage laifinsa ba. Ya ce gara ta yi haƙuri ta tafi lakkol, shi zai san yadda zai yi da abin da ya ɗauko, ko da zai mai da su tudu ne a kansa.

Ta saurara har ya gama. Ta tambaye shi ko sun ce za su cuce ta. Ya ce ba su ce ba. Ta tambaya ko akwai yara a cikinsu. Ya ce akwai goyo. Ta ci gaba da jan carbi, tana kallon bangon da ya fara kumburi kamar cikin mai ciwo.

"Kai ka ƙone musu wuri," ta ce. "Kuma ka ce musu to. Ku jera dutsen."

Suka jera. Magini ya yi ta mamakin yadda duwatsun ke zama da kansu, kowanne ya sami gurbinsa, ya kuma ce bai taɓa ganin dutsen da ya sha ruwan ƙorama yana da ɗumi ba. Khamis ya ce da ya karɓi baburinsa ya tarar da akwatin cike da jiƙaƙƙen rairayi, fari, irin na tsakiyar gulbi. Ya wanke shi sau uku, daga baya ya sayar.

Ruwa ya kai ƙugu a unguwar a sati na gaba. Ɗakuna goma sha ɗaya suka zube a layinsu. Na Azumi ya tsaya, ko tsaga bai yi ba.

Sai dai ɗakin ya ƙanƙance. Ba a ido ba. In ka shiga, sai ka ga kana rage kafaɗa, kana ɗaga ƙafa kana tsallake abin da babu. Azumi ta tura gadonta jikin bango ɗaya ta bar sauran wurin. Da magariba takan shimfiɗa tabarmi biyu ta kashe rediyo. Jikokinta suka daina shiga, ba wanda ya hana su. Rachidi ya koma kwana a rumfar tsakar gida, haƙarƙarinsa a ɗaure, tafukansa sun warke sun yi santsi, babu zanen komai a kansu.

Hambali ya zo duba shi sau ɗaya. Ya tsaya daga nesa ya dubi gindin bangon, ya yi sallama da cikakkiyar murya, ya jira, sannan ya zauna. Ya ce in gulbi ya koma makwancinsa za su sauka. Haka aka saba.

Gulbi ya koma. Aka shuka albasa a inda ruwa ya bari. Wata safiya Rachidi ya ga layin jiƙa daga ƙofar ɗakin, ya ratsa tsakar gida, ya bi lungu ya yi gangare. Ya ji ƙirjinsa ya buɗe a karo na farko cikin wata uku. Ranar ya haɗa jakarsa, ya je tasha ya tambayo mota, aka ce gobe da safe.

Da yamma ya shiga yi wa innarsa sallama. Ya tarar ta naɗe tabarma ɗaya ta jingine. Ɗayar tana shimfiɗe. Azumi na zaune a bakinta da ɗan kasko na man kaɗanya, tana shafawa a hankali a kan iska, daga sama zuwa ƙasa, tsawon hannun mutum. Man yana ƙarewa daga yatsunta.

Ta ce masu ƙarfi sun tafi da yaran. Tsohuwar ce ba ta iya hanya, hannun ya ƙi warkewa, kuma an ce da irin wannan ciwo ba a shiga ruwa. Ta ce ita Azumi gwiwoyinta ba su barinta tsugunno sau biyu a yini, dama tana so ta ce masa daga gobe shi zai riƙa shafawar safe.

Rachidi ya tsaya da jaka a kafaɗa. Ya ce, "Inna, har yaushe?"

Azumi ta dubi tabarmar, kamar mai jiran a ba ta amsa, sannan ta dube shi.

"Ta ce ita ma ba ta sani ba. Aje jakar, ka rage murya. Yanzu ta samu barci."